Rasuwar 'Yar Lele, Allura Mai Gani Biyu-Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido a bushe saboda an hana kuka kusa da na'ura, Dakta, mai kula da ɗakin binciken da ke ƙarƙashin ginin kimiyya, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da abokan aiki, har da waɗanda ba sa amsa gaisuwarta a matakala, rasuwar allurarta wadda aka fi sani da 'Yar Lele. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aikinta, tana ɗauke da wata lalura da ba a san tana da ita ba sai bayan ta cika.

Ya kamata a gabatar da marigayiyar, domin ko waɗanda suka zauna da ita ba su taɓa ganinta da ƙwayar idonsu ba. A ɗakin Dakta akwai wata na'ura da ake duba abubuwan da suka fi ƙarfin kowane madubin ƙara girma ƙanƙanta. Na'urar ba ta kallo, lalube take yi, kamar mai neman makunnin fitila a jikin bango. Yatsan da take laluben da shi kuwa allura ce, a ƙarshen wani ɗan siririn fallen da gashin gira ya fi shi kauri. Ana shimfiɗa ƙwayoyin furotin a kan dutsen maika mai santsi, allurar ta sauko ta dinga ɗan taɓa su tana wucewa, layi bayan layi. Hasken leza yana kan bayanta, duk inda ta hau tudu ko ta gangara ya kai rahoto, kwamfuta ta zana. A haka ake ganin ƙwayar furotin guda ɗaya tilo, a zaune, ita kaɗai. Wannan shi ne aikin marigayiyar, kuma ba ta taɓa neman hutu ba.

An kawo ta ne a cikin wani ɗan akwatin roba tare da 'yan'uwanta, a jere kamar ƙwai. Gidansu ba gidan tsawon rai ba ne. Yayarta ta farko ta dakushe tun kafin azahar ɗin ranar da aka ɗaura ta. Ta biyu ta kwaso datti a baki ta ƙi saki. Ta ukun ma ba ta kai ga na'ura ba, tsalle ta yi daga bakin hantsaki ta ɓace, aka ga Dakta da ɗalibinta a durƙushe suna rarrafe da tocilan, kuma har yau tana nan wani wuri a ɗakin, Allah kaɗai ya san inda take. Saboda haka ranar da aka ɗauko ta huɗu babu wanda ya sa rai. Ɗalibin Dakta mai neman digiri na uku ne ya ɗaura ta, wanda kowa ke kira Mai Safa, domin tun da ya fahimci cewa takun takalmi na girgiza hoto ya daina sa takalmi a wurin aiki. Ya riƙe numfashi, ya ɗaure ta, ya daidaita leza. Injin ya yi sautinsa da duk mazauna ɗakin za su tuna har abada, zuuu, zuuu, sannan ƙit, alamar allura ta taɓa ƙasa lafiya. Hoton da ya fara saukowa a fuskar kwamfuta ya sa Dakta ta zauna ba tare da ta duba ko akwai kujera a bayanta ba. Allah ya taimaka akwai.

Marigayiyar mai sanyin hannu ce. Wasu alluran idan sun samu furotin ture shi suke yi gaba kamar mai shara, wasu su latse shi ya baje. Ita kuwa taɓawa take yi kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ba ta da hayaniya. Tana kaɗawa da saurin da kunnen ɗan'adam ba ya ji, don haka duk tsawon zamanta ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, abin da ba za a iya faɗa a kan kowa a sashen ba. Takwarorinta kwana ɗaya ko biyu suke yi su tafi, ita kuwa ta ga mako, ta ga wata, ta shiga wani. Daga nan ne sunan 'Yar Lele ya bi ta.

Amma babban halinta, wanda za a daɗe ana tunawa, shi ne karamci. Furotin ɗin da Dakta ta ƙarar da ƙuruciyarta a kansa, duk masana sun tafi a kan cewa shi kaɗai yake aikinsa. 'Yar Lele ta nuna shi biyu-biyu. Kowace ƙwaya da abokiyarta a gefe, kafaɗa da kafaɗa, tagwaye reras, fili guda. Mai Safa ya canza samfuri, tagwaye. Ya sake canzawa, tagwaye.

A nan dole a faɗi abin da wannan ya zama ga Dakta. Ta daɗe tana Dakta. Waɗanda ta koya wa riƙe hantsaki sun zama farfesoshi, suna wucewa ta gabanta da babbar riga suna cewa, "Malama, ana nan dai?" Kwamitin ƙarin girma ya faɗa mata cikin ladabi, shekara bayan shekara, cewa saura maƙala ɗaya a babbar mujalla. To ga maƙalar ta zo da ƙafarta. Aka rubuta, aka aika, mujalla ta ce tana sha'awa. Maigidanta, wanda ke da shagon sayar da magani kuma bai taɓa fahimtar abin da take yi a ƙarƙashin ƙasa ba, bai jira kowa ba. Ya je ya sa aka sassaƙa allon ƙofa na tagulla mai cewa Farfesa, ya jingina shi a bayan talabijin. Da safe sai ya ce, "Farfesa, a zuba sukari ko ilimi ya isa?" Ita kuma ta ce, "Baban yara, ka bari a tabbatar tukuna," amma ba da ƙarfi take faɗa ba.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: allurar da ke ba da hoto mai kyau ba a taɓa ta. Ba a cire ta, ba a gwada wata, ba a ma yi mata kallon banza. Ɗakin ya bi wannan ƙa'ida fiye da kima. Aka hana magana sai raɗa. Aka roƙi masu ɗakin sama su daina jan kujera. Mai Safa ya koyi yin atishawa a waje, ya kan fita da gudu a kan yatsun ƙafa hannu a hanci, wani lokacin ya kai ƙofa, wani lokacin ya haɗiye abarsa. Akwatin sauran alluran kuwa aka tura shi can bayan durowa, kamar dai ganinsa zai ɓata wa 'Yar Lele rai.

Gaskiya ne an lura cewa tagwayen duk gefe ɗaya suke fuskanta, kowace ƙwaya abokiyarta na dama da ita, ɗan sama kaɗan, kamar an jera su ɗaukar hoton makaranta. An tattauna wannan a raɗa, aka kuma samo bayani mai gamsarwa: ruwan da ake ɗauraye samfuri da shi ne ke kwantar da su gefe guda. Bayanin ya yi kyau har ya samu sakin layi nasa a maƙalar. Mutum idan yana son abu, ilimi ba ya hana shi, ƙara masa dabara yake yi.

Mujallar ta ba mutum biyu maƙalar su duba. Na farko ya yaba, Allah ya saka masa. Na biyun, wanda ba a san sunansa ba kuma gara haka, ya rubuto 'yan layuka masu sanyi. Ya ce hotunan sun yi kyau, har sun so su yi yawa, ya kuma nemi a maimaita aikin da wata allura dabam. Dakta ta karanta a tsaye. Ta ce wa Mai Safa, a raɗa amma da zafi, "Ka ji hassada ko? Mutumin da bai taɓa samun allura irin tamu ba." Mai Safa ya ce, "Haka ne, Malama," domin digirinsa na hannunta, kuma shi ma yana son 'Yar Lele. Aka yanke shawarar ba za a cire ta ba. Za a ɗauki sababbin hotuna masu yawa da ita, a tula wa mai bitar har ya rasa hanyar fita.

Ana kan wannan ne ajali ya sauko ta matakala.

Ranar Talatar, an sa sabon samfuri, allurar na gangarowa a hankali, zuuu, zuuu, saura ƙiris ta taɓa. A daidai wannan lokacin ko ƙuda ba a so ya sauka a teburin, wanda shi kansa a kan iska yake shawagi don kada motsin ƙasa ya iso shi. Sai ƙofa ta buɗe. Shugaban Sashe ne da baƙi, waɗanda ake zagayawa da su a nuna musu inda ilimi yake kwana. Shugaba mutum ne mai fara'a da faɗin hannu. Ya ce, "Ga ta nan, abar alfaharinmu! Da wannan muke ganin abin da ido bai taɓa gani ba." Don baƙi su tabbatar da ingancin kayan, ya ƙwanƙwasa murfin na'urar da bayan yatsu, kamar mai zaɓen kankana.

Ba a ji ƙit ba. Abin da aka ji shi ne bip, bip, bip, sautin da kwamfuta ke yi idan hasken leza ya nemi bayan allura ya rasa. Wannan ne kalamin marigayiyar na ƙarshe, kuma ma ba ita ta yi shi ba, a madadinta aka yi. Baƙi suka gyaɗa kai, suka ɗauka haka na'urar ke gaisuwa. Mai Safa ya juya ya fuskanci bango. Dakta ta yi wa baƙi murmushi, ta yi musu bayanin aikin ɗakin daga farko har ƙarshe, ta raka su bakin ƙofa, kuma waɗanda suka san ta sun ce ba su taɓa ganin jarumta irin wannan ba.

Da rana ta yi aka jawo akwatin da ke bayan durowa. Ba don an yarda da mai bita ba, don dai babu yadda za a yi. Aka ɗaura ƙanwar marigayiyar. Zuuu, zuuu, ƙit. Hoto ya sauko, mai tsabta, ba laifi. Ƙwayoyin furotin suna nan a warwatse, kowacce ita kaɗai, ba aboki, ba maƙwabci. Dakta ta ce wannan allurar dakusasshiya ce. Aka ɗaura wata. Ɗai-ɗai. Ta ce samfurin ne ya kwana. Aka haɗa sabo washegari, aka ɗaura ta uku. Ɗai-ɗai, kamar marayu a tasha.

Sai Dakta ta sallami Mai Safa ya je ya ci abinci, ta zauna ta buɗe tsofaffin hotunan 'Yar Lele. Wannan karon ba furotin ta kalla ba, ta riga ta san shi kamar tafin hannunta. Gefe-gefe ta duba, wuraren da ake yankewa kafin a sa hoto a maƙala. A kusurwar wani hoto akwai ɗan datti, irin wanda ba a rasawa. Yana da ɗan'uwa a damansa, ɗan sama kaɗan. A wani hoton akwai ƙarzuwa a jikin dutsen. Ita ma biyu ce. Duk abin da Allah ya ajiye a kan dutsen nan, mai daraja da marar daraja, marigayiyar ta ba shi abokin zama.

Lalurar ke nan. Bakin 'Yar Lele a tsage yake, tsini biyu gare ta maimakon ɗaya, tun ranar farko ko kusa da haka. Duk abin da tsinin farko ya taɓa, na biyun ma sai ya taɓa, kwamfuta kuma ta zana abin da aka gaya mata. Cuta ce sananniya, tana babin farko na duk littafin koyon aikin, Dakta da kanta tana koyar da ita ga sababbin ɗalibai a kowace shekara, har da zane a allo. Marigayiyar ba ta yi ƙarya da gangan ba. Abin da ta ji shi ta faɗa. Ba a dai taɓa tambayar wani ba ne.

Shugaban Sashe ya sauko ta'aziyya da kansa, kuma a yaba masa, wannan karon hannuwansa na aljihu. Da ya ji bayani sai ya rufe ƙofa. Ya ce, "Dakta, 'yar'uwa, mu yi magana ta manya. Hotuna kina da su, ba ƙirƙira kika yi ba. Ki ce musu an maimaita, a wuce wurin. Kwamiti ƙarshen watan nan zai zauna, kuma kin san ni ina ciki. Wa zai tono? Mai shaidar ma ta riga mu gidan gaskiya."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka aika ta ai."

Ya yi dariya, ya ce ta yi tunani, ya haura.

Ta yi tunanin kuwa. Ba za a ɓoye ba, ta yi shi sosai. Ta yi shi a mota, ta yi shi a layin ɗaukar yara daga makaranta, ta yi shi a falo tana kallon gefen allon tagullan da ya leƙo daga bayan talabijin. Shekarunta ba sa komawa baya, kuma babbar mujalla ba kullum take buɗe wa mutanen ƙarƙashin bene ƙofa ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne, wata rana, a wani ɗaki irin nata, wani ɗalibi zai cire takalmi ya ɓata shekarunsa yana neman tagwayen da babu su, malaminsa na ce masa hannunsa ne ba kyau. Ga kuma Mai Safa, wanda sunansa ne na farko a maƙalar, zai ɗauke ta a ka duk inda ya je neman aiki. Da ta gaya masa abin da Shugaba ya ce, sai ya kalli yatsun ƙafarsa. Daga baya ya ce, "Malama, duk yadda kika yi." Wannan ya fi komai ɓata mata rai, domin ta san da gaske yake.

Ranar Alhamis da safe ta rubuta wa editan mujallar ta janye maƙalar, ta faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba. Jimlar da ta fi ba ta wuya ita ce ta ƙarshe, inda ta nemi a miƙa godiyarta ga mai bita na biyu. Ta rubuta ta, ta goge, ta tashi ta sha ruwa, ta dawo ta sake rubutawa. An ce yatsan da ta danna aikawa da shi har yanzu bai gama yafe mata ba.

Maigidanta ya saurari labarin duka da yamma, yana gyaɗa kai a wuraren da bai kamata ba. A ƙarshe ya ce, "To yanzu, maman yara, allurar ce ta mutu ko farfesancin?" Ta ce duka biyun. Ya ce, "Ikon Allah. Ita kam komai nata biyu-biyu ne." Ta harare shi, sannan dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke ƙarewa da share ido. Ya tashi ya ɗauki allon, ya naɗe shi a tsohon tawul, ya sa a saman kwaba, ya ce tagulla ba ta ruɓewa.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙanne shida a akwati, waɗanda yanzu kowa ke yi musu kallon tuhuma ba da laifinsu ba. Ta bar yaya guda da ta ɓace a ƙasan ɗaki. Ta bar tebur mai shawagi, wanda ke ci gaba da sauke ajiyar zuciyarsa, tsss, duk lokacin da aka jingina da shi. Ta bar hasken leza, abokin tafiyarta, wanda aka riga aka haɗa shi da wata tun kafin a share makoki, kamar yadda aka saba. Ta bar hotuna masu ɗimbin yawa, kyawawa, marasa amfani, waɗanda Dakta ta ce za ta dinga nuna wa sababbin ɗalibai a darasin farko, tare da sunan wadda ta yarda da su. Ta bar Mai Safa, wanda babi biyu na kundinsa suka bi ta, kuma zai ƙara shekara a ƙarƙashin bene. Ta bar Shugaban Sashe cikin ƙoshin lafiya. Maƙala ɗaya ta bi bayanta kwana biyu da rasuwarta, Allah ya haɗa su a inda ba a bita.

Iyalan suna godiya ga duk waɗanda suka aiko da saƙo, har da masu ɗakin sama, waɗanda suka nuna alhininsu ta hanyar komawa jan kujera tun a ranar.

Za a yi jana'iza gobe bayan an tashi daga aiki, a ɗakin binciken. An manne gawar a kan ɗan salatif don kada ta bi iska, kuma masu son ganawa ta ƙarshe za su yi layi a gaban ƙaramin madubin ƙara girma, mutum ɗaya-ɗaya, ba turereniya. Daga nan za a sa ta a rawayan akwatin da ake zubar da kaifafan abubuwa, inda magabatanta suke. Ba a buƙatar furanni, suna kawo ƙura. An tanadar wa Shugaban Sashe kujera a bakin ƙofa, daga waje.

Masu zuwa gaisuwa, musamman dangin maigida da suka riga suka saba, ana roƙonsu su kira mai makokin da Dakta. Idan ɗayan sunan ya taso a baki, a haɗiye shi, kwamiti zai sake zama baɗi.

Aiki zai ci gaba ranar Litinin da safe da sabuwar allura. Dakta ta ba da umarni kada a raɗa mata suna, kuma ko da ta nuna abin da ya fi kowane kyau a duniya, ranar Laraba za a cire ta a tambayi wata.